Sawun Giwa Ya Taka Na Raƙumi: Hotunan Da Na Ɗauko A Yankari

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Na daɗe ina jin waɗannan karin magana a bakin malamai, har na sha kawo su a jarrabawa, amma ban san nauyinsu ba sai da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta shirya ziyarar gani da ido zuwa gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi. Na tafi da alƙawari guda ɗaya a wuyana, na kuma dawo ban cika shi ba. Labarin wannan alƙawari nake so in bai wa mai karatu, ko Allah Ya sa wani ya tsinci abin da na tsinta.

Labulen Baba

Ni ɗan Agyaragu ne, garin nan da ke kudu da Lafiya a kan hanyar Makurɗi, wanda ko ba ka san shi da komai ba ka san shi da kasuwar doya. A nan mahaifina ya yi kusan shekara talatin yana sana'ar ɗaukar hoto a wani ɗan shago da ke bakin titi. A bangon shagon akwai wani labule da wani mai fenti ya zana masa tun kafin a haife ni. An zana wata ƙatuwar giwa a bakin tafki, ta ɗaga hanci sama, ga giginya biyu a bayanta, sannan aka rubuta YANKARI da jan fenti a can sama. Da wuya ka shiga gida a unguwarmu ba ka tarar da hoton wani a gaban wannan giwa ba. Amare da angwaye, 'yan makaranta, direbobin manyan motocin da ke zuwa lodin doya, Migili da Eggon da Alago da Tibi da Hausawa, kowa ya taɓa tsayawa a gabanta ranar Sallah ko Kirsimeti. Saboda haka ni tun ina yaro, in aka ce Yankari, giwa kawai nake gani.

Abu biyu suka haɗu suka durƙusar da shagon. Na farko wayar hannu, wadda ta mayar da kowa mai hoto. Na biyu ciwon ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da magani. Ganin Baba ya yi ta tsukewa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, har ya kai sai ya kawo abu dab da fuskarsa kafin ya shaida shi.

Da na zo hutu na gaya masa za mu je Yankari, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Can ya tashi ya lalubo akwatinsa, ya ciro kyamarar da ya saya a ƙarshen aikinsa, irin mai katin ajiya, wadda ko taɓa ta ba ya bari a yi. Ya miƙo mini ya ce, "Auta, ni dai na ci abinci da giwar Yankari, amma ban taɓa sa ta a ido ba. Ka ɗauko mini ita, in gan ta tun da sauran haske." Na ce, "In Allah Ya yarda, Baba, kamar kun gan ta." Ya gargaɗe ni cewa batirin ya tsufa, kada in yi ta kunna ta a kan shirme.

Dajin Da Muka Tarar

Cikin watan Maris muka tafi, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji kuma suka koma bakin ruwa. Daga Lafiya muka bi ta Akwanga, muka haye Hawan Kibo muka shiga Jos, muka gangara Bauchi. Daga can muka ɗauki hanyar Gwambe har Dindima, inda muka karkata zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki ma tafiya ce ta sama da kilomita 40 a cikin daji.

A hanya malaminmu ya ba mu tarihin wurin a taƙaice. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ni dai da kunne ɗaya nake saurare, idona yana kan taga, hannuna yana kan kyamara.

Abin da ya fara tarbar mu a masauki shi ne gwaggon biri. Ba mu gama sauke jakunkuna ba wani ƙato ya fizge burodi daga hannun wata 'yar ajinmu ya haye rufin ɗaki. Mugun dawa kuwa yana ta kiwo a durƙushe tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida. Da yamma aka gangara maɓuɓɓugar Wikki, ruwan nan mai ɗumi garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, wanda ɗuminsa yake nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Nan kowa ya zaro waya. Na lura da wani abu da ya ba ni dariya: mu kusan arba'in, amma duk wuri ɗaya muke tsayawa, dutse ɗaya muke juya wa baya, murmushi ɗaya muke yi. Ashe Wikki ma labule ce, irin na shagon Baba. Ban kunna kyamara ba, na ce batirina na giwa ne.

Neman Giwa

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar mota muka nufi fadamar kogin Gaji, tare da wani dattijon ma'aikacin gandun wanda ya ce mahaifinsa maharbi ne. Mun ga gwambaza da mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa, mun ga kada yana shan hantsi, mun ga burtu yana takawa kamar basarake. Ƙudan tsando kuwa ya yi mana rabon cizo ba tare da nuna bambanci ba. Giwa dai shiru. Da la'asar muka sake fita, nan ma shiru.

Na matsa kusa da dattijon na ce, "Baba, don Allah ina giwayen suke?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan samari, nan ba gidan zu ba ne. Giwa ba ta da alƙawari da kowa." Ya bayyana mini cewa a ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an samu sama da 300, amma farautar haure ta rage su ƙwarai, har ƙiyasin da aka yi daga baya ya tsaya tsakanin 100 zuwa 150. Duk da haka garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya. Ka raba wannan adadi a dajin da ya fi murabba'in kilomita 2,000, ka ga ganinsu sai an dace.

Jikina ya yi sanyi. Da ya ga haka sai ya sa direba ya tsaya a wani wuri mai laka, ya duba gabas da yamma, sannan ya ce in sauko. Ya nuna mini ƙasa. Wani rami ne zagayayye kamar faifai, ruwa ya ɗan taru a cikinsa. Ya ce, "Ga ta nan. Daren jiya ta wuce." Ya nuna mini yadda sawun ƙafar gaba yake zagayayye, na baya kuma mai ɗan tsawo. Ya ce in ka auna kewayen sawun gaba ka ninka shi biyu, to ka samu kusan tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ya nuna mini ƙananan sawu a tsakiyar manya, ya ce da ɗanta take tafe. Ya nuna kashinta, da reshen da ta karya, da jikin wata kuka da ta saɓule wa ɓawo. Cikin minti biyar ya karanta mini labarin dare guda daga ƙasa, kamar mai karanta allo.

Nan na tuna da maganar Baba cewa hoto ba ya faɗin girman abu sai ka ajiye masa ma'auni. Na cire hulata na ajiye a gefen sawun, na durƙusa har gwiwata ta nutse a laka, na bari rana ta bugo daga gefe don inuwa ta fito da zurfin ramin, na danna. Wannan shi ne hotona na farko a Yankari.

Kogunan Dutse Da Rijiyoyi

Daga wannan lokaci sai idona ya sauko daga neman babban abu. A rana ta uku, da yawancin abokan tafiya suka zaɓi komawa wanka a Wikki, mu bakwai muka roƙi a kai mu kogunan dutsen da ake kira Kogunan Marshall, 'yan kilomitoci kaɗan daga masauki. Ɗakuna ne guda 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse mai laushi. Bakin kowanne ɗan ƙarami ne, sai ka rarrafa za ka shiga, amma cikinsa da ɗan fili. A jikin wasu akwai zane-zane, wasu miƙaƙƙu wasu a karkace kamar haƙoran zarto. Ana kyautata zaton mafaka ce da mutane suka yi wa kansu a zamanin farautar bayi.

Abin da ya tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne sunan wurin. P. J. Marshall shi ne mai binciken da ya bayyana kogunan ga duniya a 1980, sai sunansa ya bi su. Waɗanda suka fafe dutsen da hannunsu, suka kwana a ciki cikin tsoro, suka rufe bakin jariransu don kada a ji kuka, su ba su bar suna ba. Sawun giwa ya taka na raƙumi.

Da farko na tsaya daga waje na ɗauka, sai hoton ya fito kamar ramukan gafiya, ba ya cewa komai. Na goge shi. Sai na rarrafa na shiga ɗaya, warin jemage ya buge ni, na zauna na jingina da bango na fuskanci ƙofa. Daga nan duniya gaba ɗaya ta koma wani ɗan da'irar haske, da reshen bishiya ɗaya a cikinsa. Na kashe fitilar kyamara, na dafe gwiwar hannuna a kan cinya don kada hoton ya girgiza, na riƙe numfashi, na danna. Abin da mai ɓuya yake gani ke nan in ya leƙa ko mahara sun wuce. Ina cikin kogon ne kuma na ga cewa kusan haka Baba yake ganin duniya yanzu. Na daɗe ban fito ba.

A hanyarmu ta fita daga gandun aka ratse da mu zuwa rijiyoyin Dukkey. Rijiyoyi ne sama da 130 da aka haƙa a kufan wani tsohon gari, da yawansu a haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, don tara ruwan damina. An ce ayarin masu fataucin bayi kan ya da zango a wurin. Rana ta take, hasken ya yi kaushi, irin wanda Baba kan ce yana wanke fuskar hoto. Don haka ban ɗauki filin ba, na kwanta rub da ciki a bakin rijiya ɗaya na ɗauki leɓenta, da saiwar bishiyar da ta ratsa ta gangara neman ruwa. Dattijon ya ce akwai sauran wurare da lokaci bai bar mu mun je ba: tsofaffin matoyar tama kusan 60 a Shau Shau, da wani rubutu a jikin dutse a Tunga Dutse wanda masana ba su kai ga warware shi ba. Ashe dajin da muke ɗauka na dabbobi ne kawai, garuruwan mutane ne a da, masu haƙa da ƙira da noma. Ya ƙara da cewa kalmar Wikki kanta daga harshen Duguri take, ma'anarta "ina kake?" Ina rubuta wannan a littafina batirin kyamara ya mutu. Hotuna goma sha ɗaya na samu, babu giwa ko ɗaya.

Giwar Aro

A mota wani abokina ya ga na yi tagumi, na gaya masa damuwata. Ya ce, "Kai ma dai! Tsohon da ba ya gani sosai? Shiga intanet ka sauko da giwa, ka wanke ka kai masa. Faranta ran iyaye ai lada ne." Na ce Allah Ya kiyaye. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Da muka iso Lafiya na shiga shagon wankin hoto, na ba da hotunana goma sha ɗaya, sannan na ƙara da na goma sha biyu: wata kyakkyawar giwa da na samo a waya, aka wanke mini ita babba.

Bayan sallar la'asar na tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar gida. Muka gaisa, ya yi mini barka da hanya, na miƙa masa giwar. Ya kai ta dab da idonsa na dama, ya juya ta ta fuskanci haske, ya daɗe yana bin ta kaɗan-kaɗan daga hanci har wutsiya. Fuskarsa ta washe. Sai ya ce, "Kai, ta yi kyau. Auta, ta ina rana take lokacin da ka ɗauka?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Wanda ya ɗauki hoto ba ya manta inda rana take, domin da ita ya yi shawara kafin ya danna. Ya sake tambaya, "Tsakaninka da ita taku nawa?" Nan idona ya cika da ƙwalla. Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ba ni na ɗauka ba. Ba mu ga giwa ba."

Ya ajiye hoton a gefe, a kife. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Shekara talatin ina tsayar da mutane a gaban giwar fenti. Wanda ya zana ta ma bai taɓa ganin giwa ba, shi ya sa kunnenta ya yi kama da na jaki. Amma duk wanda ya shigo shagona ya san labule ne, ban taɓa ce wa kowa Yankari na kai shi ba. To, ina abin da kai ka gani?"

Na miƙa masa na sawun. Ƙananan hotuna ne, idonsa bai iya raba laka da inuwa ba. Ya ce, "Karanta mini." Na fara bayani: ga sawun gaba, ga hulata a gefe, ga na ɗanta, ga yadda ake lissafin tsayinta. Ya sa na kama yatsansa na zagaya da shi bakin sawun. Ya auna da hular da ya sani, ya ce, "Ashe haka take da girma!" A kan hoton kogo ya fi daɗewa, domin shi kaɗai ya iya gani da kansa, farin da'ira a cikin baƙi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da muka zo kan hoton rijiya sai ya tambaye ni saiwar wace bishiya ce. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Marke ce ko ƙirya? Ko kawo? Yaya ganyenta, yaya ɓawonta?" Na yi shiru. Ya girgiza kai ya ce, "Kai da kake karatun Hausa a jami'a?" Wallahi wannan tambaya ta fi ta farko yi mini zafi. Na tsaya a gaban bishiya, na ɗauki hotonta, ga mai sani a kusa da ni, amma ban tambayi sunanta ba. Ga wanda ba ya gani, hoton da ba shi da suna takarda ce kawai.

Abin Da Ya Biyo Baya

Sauran kwanakin hutun na yi su ne ina yawo da kyamarar a cikin Agyaragu, garin da nake ganin babu abin ɗauka a cikinsa. Na ɗauki tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ciyawar da ta tsiro tsakanin ƙarafan dogo. Na ɗauki hannun wata tsohuwa mai jera doya kashi-kashi, da tullan kunyar doya a gona da sassafe, inuwarsu ta miƙe kamar sahun masallata. Kowane hoto na ɗauka sai na tambayi sunan abin da Hausa, in kuma tambayi maƙwabtanmu yadda ake kiran sa da Migili ko Eggon, in rubuta a bayansa. Da daddare in zo in karanta wa Baba, shi kuma ya gyara mini, wani lokaci ya ba ni labarin wurin tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. Ban taɓa hira da mahaifina mai tsawon wadda muka yi a wannan hutu ba.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, duk wanda Allah Ya kai shi Yankari, ko Gashaka Gumti, ko Farin Ruwa da ke nan jiharmu, ya yi wankansa ya ɗauki hotonsa a inda kowa ke ɗauka, babu laifi. Amma ya ɗan ratse, ya duba ƙasa, ya matsa kusa da dattijon da ke rakiya ya yi tambaya. Ya riƙe biro tare da kyamara. Sunayen itatuwa da tsuntsaye da sawun namun daji suna bakin mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma in ba mu muka rubuta su ba, ban ga wanda zai yi mana ba.

Labulen nan yana nan a naɗe a ƙarƙashin gadon Baba. Hoton sawun kuwa ya sa an yi masa gilashi an rataye a zaure. In baƙo ya tambaya mene ne wannan, sai ya ce, "Giwar Yankari ce, Auta ya ɗauko mini. Da ɗanta take tafe." Har yanzu ina bin kaina bashin komawa, in Allah Ya ba da iko, ko don in tambayo sunan bishiyar nan ta bakin rijiya. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.